Nau'i ɗaya, suna biyu: yadda alamar zance ta raba rumbun bayanai

## Halin da ake ciki kafin matsalar

Wani ƙaramin kamfani ne da ke karɓar oda ta intanet yana aika wa mutane kaya. Masu kula da manhajarsa ba su da yawa, kuma duk bayanan odar suna cikin rumbun bayanai guda, PostgreSQL 14, wanda ya fito a watan Satumba na 2021. A teburin `oda` akwai ginshiƙi mai suna `matsayi`, wanda ke nuna inda kowace oda ta tsaya. Ba rubutu ne na sakaka ake zubawa a cikinsa ba. An ƙirƙira masa nau'in bayanai nasa na kansa, irin wanda ake kira ENUM, wato nau'in da ba ya karɓar komai sai ƙimomin da aka lissafa masa tun farko. PostgreSQL ya samu wannan damar tun siga ta 8.3 a 2008.

Tun kafa kamfanin, wata manhaja ce mai tsara tebura da kanta ta gina rumbun. Al'adarta ita ce ta saka kowane suna cikin alamar zance mai biyu, don haka umarnin da ya haifi nau'in ya kasance haka:

`CREATE TYPE "MatsayinOda" AS ENUM ('sabo', 'an_biya', 'an_aika', 'an_soke');`

A nan ne dokar da komai ya rataya a kanta take. Idan aka rubuta suna ba tare da alamar zance ba, PostgreSQL yana mayar da manyan baƙaƙensa ƙanana kafin ya nemi abin, wato `MatsayinOda` ya koma `matsayinoda`. Idan kuwa an saka shi cikin alamar zance, yana ɗaukarsa yadda aka rubuta, baƙi da baƙi. Saboda haka `"MatsayinOda"` da `MatsayinOda` sunaye biyu ne daban a wajensa, ko da ido yana ganinsu ɗaya. Ƙa'idar SQL kuwa, wato harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, cewa ta yi a mayar da su manya, kuma haka Oracle, wani rumbun bayanai daban, ke yi. PostgreSQL ya bi ta ƙanana, kuma littafin bayaninsa bai ɓoye wannan saɓani ba.

Daga baya tawagar ta ajiye waccan manhaja, ta rubuta ɗan kayan aikinta na sauya tsarin rumbu. Ana bayyana tebura da nau'uka a cikin fayil guda, kayan aikin ya duba abin da ya sauya tun gudunsa na ƙarshe, ya aiwatar. Game da nau'uka, tsarinsa mai sauƙi ne: idan babu nau'in, a ƙirƙira shi, idan akwai, a ƙara masa ƙimomin da ba shi da su. Sai da aka rubuta wannan bincike da hannu domin umarnin `CREATE TYPE` ba shi da `IF NOT EXISTS` irin na tebur. Duk nau'ukan da aka ƙara bayan wannan sauyi an ba su sunaye da ƙananan baƙaƙe zalla, kuma ba a taɓa `MatsayinOda` ba ko sau ɗaya. Ita ma manhajar kamfanin ba ta ambaton sunan nau'in. Ƙimar kawai take aikawa, rumbun ya gane da kansa.

## Ranar farko: sauyin ya wuce lafiya, aikin ya ƙi

An buƙaci sabon matsayi na kayan da mai saye ya dawo da su, `an_mayar`, tare da sabon tebur, `tarihin_oda`, mai ajiye duk sauyin matsayin da oda ta yi. A rumbun gwaji komai ya tafi daidai. A rumbun aiki ma kayan aikin ya gama ba tare da ko gargaɗi ɗaya ba.

Da ma'aikaciyar sashen karɓar ƙorafi ta zo mayar da oda ta farko, sai shafin ya ƙi. A kundin kurakurai an samu wannan, da lamba 22P02:

`invalid input value for enum "MatsayinOda": "an_mayar"`

Injiniyan da ke bakin aiki ya buɗe psql, manhajar da ake buga wa PostgreSQL umarni da hannu a cikinta, ya tambayi rumbun ƙimomin da nau'in ke da su: `SELECT enum_range(NULL::MatsayinOda);`. Amsa ta fito da ƙimomi biyar, har da `an_mayar`. Ya sake dubawa da `\dT+ MatsayinOda`, ya ga abu ɗaya. Rumbun yana cewa ƙimar tana nan, kuma rumbun yana cewa bai santa ba.

Zato na farko shi ne manhajar tana riƙe da tsohon bayani. Zaton yana da tushe, domin wasu direbobin haɗi, wato ɓangaren da ke haɗa manhaja da rumbu, suna ajiye bayanin nau'uka a ƙwaƙwalwarsu tun lokacin da suka fara haɗuwa da rumbun. Aka yanke duk haɗin da ke buɗe, aka sake kunna manhajar. Kuskuren bai motsa ba. Aka yi zaton ko sauyin ya tafi wata sabar daban, aka duba, ita ce dai. Ranar ta ƙare ana rubuta odar da aka mayar a takardar lissafi ta gefe.

## Rana ta biyu: saƙon da ya tona asiri

Da safe wani ya ba da shawarar a tilasta wa ƙimar nau'inta a cikin umarnin, aka rubuta `'an_mayar'::MatsayinOda`. Wannan ma ya faɗi, amma da wani saƙo daban, mai lamba 42804:

`column "matsayi" is of type "MatsayinOda" but expression is of type matsayinoda`

Mutum biyu sun karanta shi suka ɗauka rumbun ne ke maimaita magana. Shugabar tawagar ce ta tsaya a kan alamar zancen da ke ɓangare ɗaya babu a ɗayan, ta sa aka tambayi `pg_type`, teburin da PostgreSQL ke ajiye sunan kowane nau'i, da `lower(typname) = 'matsayinoda'`. Layi biyu suka fito, kowanne da lambar OID tasa, wato lambar shaidar da rumbun ke ba kowane nau'i. Tsohon yana da ƙimomi huɗu, sabon yana da biyar.

Da aka bi sawun kayan aikin, abin ya fito fili. Wajen bincike yana miƙa sunan ga `to_regtype`, wanda ke karanta abin da aka ba shi da ƙa'idar SQL: ya mayar da sunan ƙananan baƙaƙe, bai samu ba, ya dawo da NULL, wato babu komai. Haka aka gina shi tun siga ta 9.4, ya yi shiru maimakon ya ta da kuskure. Kayan aikin ya fassara shirun da cewa babu nau'in, sai ya haɗa umarnin ƙirƙira ta hanyar manna sunan tsirara a cikin rubutu. Rumbun ya karɓa, domin a wajensa babu wani `matsayinoda` kafin nan. Sabon teburin tarihi kuma aka ɗora ginshiƙinsa a kan wannan sabon nau'i. Binciken da injiniyan ya yi jiya duk a kan sabon ya faɗa, har da na psql, wanda shi ma yake ƙanƙantar da baƙaƙen sunan da aka ba shi idan babu alamar zance.

Dalilin da ya sa gwaji bai kama komai ba shi ne, rumbun gwaji kayan aikin ne ke gina shi daga tushe a kowane lokaci. A can nau'i ɗaya ne tak, mai ƙananan baƙaƙe, kuma kowa na kiransa da sunan da yake amsawa.

Maganin gaggawa layi ɗaya ne da aka buga da hannu: `ALTER TYPE "MatsayinOda" ADD VALUE 'an_mayar';`. Nan take mayar da kaya ya fara aiki. Aka nemi goge sabon nau'in, rumbun ya ƙi da lamba 2BP01, ya ce ginshiƙin `matsayi` na `tarihin_oda` ya dogara da shi. Ya kuma nuna cewa ana iya ƙara `CASCADE`. Ba a ƙara ba: da an yi, da ginshiƙin ya tafi gaba ɗaya da duk abin da aka rubuta a cikinsa tun jiya.

## Ƙarshen makon farko

Rahoton mako-mako, wanda ke gwada matsayin da ke teburin oda da na ƙarshe a teburin tarihi, ya faɗi a gudunsa na farko da lamba 42883: `operator does not exist: "MatsayinOda" = matsayinoda`. PostgreSQL ba ya gwada ƙimomin nau'uka biyu na ENUM da juna, ko da kalmominsu iri ɗaya ne, domin abin da yake ajiyewa a layi lamba ce mai bayit 4 da ke nuni ga teburin `pg_enum`, kalmar tana can. Aka toshe ramin da mayar da ɓangarorin biyu rubutu, `::text`, rahoton ya fita.

## Mako na biyu: a saka wa komai alamar zance

Gyaran farko da aka yi wa kayan aikin shi ne wanda kowa zai fara tunani: duk inda sunan nau'i zai shiga umarni, a kewaye shi da alamar zance. An rubuta ɗan aiki guda da ke yin haka, yana kuma ninka duk alamar zancen da ya tarar a cikin sunan, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Aka gwada shi a kan kwafin rumbun aiki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ba a lura da shi ba shi ne, kayan aikin yana samo sunayen nau'uka daga wurare uku, kuma kowanne da irin siffar da yake bayarwa. Fayil ɗin tsari yana ba da abin da mutum ya rubuta. Teburin `information_schema.columns` yana ba da sunan tsirara a `udt_name`, yayin da `data_type` ke cewa `USER-DEFINED` kawai. Shi kuwa aikin `format_type` na rumbun yana ba da sunan a shirye don shiga umarni, da alamar zancensa idan yana buƙata, har da sunan sikima (rukunin da tebura da nau'uka ke zama a ciki) a gaba idan nau'in ba ya cikin sikimomin da rumbun ke dubawa da kansa. Da sabon gyaran ya samu sunan da ya riga ya sha alamar zance, sai ya ƙara masa wata, aka samu `"""MatsayinOda"""`. Wannan a wajen rumbun suna ne na uku, wanda alamar zance take cikin baƙaƙensa. Kuskure 42704, babu irin wannan nau'i. Da ta hanyar ƙirƙira sunan ya bi, da an samu 'yan uku.

Sauran sun biyo baya. Sunan da ke ɗauke da sikima, `lissafi.nauin_biya`, da aka kewaye shi gaba ɗaya ya zama suna guda mai ɗigo a tsakiya. Ginshiƙin da ke ɗauke da jerin ƙimomi, mai `[]` a ƙarshe, shi ma ya lalace, kuma a `udt_name` ma da wata siffa yake fitowa, da karan ƙasa (`_`) a gaban sunan, domin haka PostgreSQL ke raɗa wa nau'in jeri suna. Nau'ukan asali ma ba su tsira ba: `"integer"` ba ya aiki, domin ainihin sunansa a `pg_type` shi ne `int4`, kalmar `integer` nahawun SQL ne ke fassara ta.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne wanda bai yi ƙara ba. Akwai wani ginshiƙi mai nau'in `char`. Da aka saka masa alamar zance umarnin ya wuce, domin `"char"` nau'i ne na gaske a PostgreSQL, na amfanin cikin gida, mai ɗaukar bayit ɗaya tak. Shi `char` na yau da kullum zai ƙi rubutun da ya fi ƙarfinsa ya ta da kuskure. Wannan kuwa zai ɗauki bayit na farko ya zubar da sauran bai ce uffan ba. An gano shi ne kawai saboda an gwada tsarin kwafin da na asali layi da layi. Aka janye gyaran.

## Mako na uku: a daina kula da girman baƙi

Shawara ta biyu ta zo ta ɗaya gefen: a bar ƙirƙira yadda take, a gyara bincike kawai, ya nemi suna a `pg_type` ba tare da kula da babba ko ƙarami ba. A rumbun gwaji ya yi aiki. A kwafin rumbun aiki ya dawo da layi biyu, kayan aikin ya ɗauki na farko, kuma babu abin da ke tabbatar da wanne ne zai zo farko idan ba a ba da umarnin jerawa ba. Binciken bai kuma duba sikima ba, ga shi kowane tebur yana da layinsa a `pg_type` da sunansa, don haka sunan tebur na iya amsawa a madadin nau'i.

Akwai wata ƙaramar matsala kuma da aka gano a nan. Yadda harshen da aka rubuta kayan aikin da shi yake ƙanƙantar da baƙaƙe ba daidai yake da na rumbun ba. A rumbu mai tsarin ajiye baƙaƙe na UTF-8, PostgreSQL baƙaƙen A zuwa Z kawai yake saukarwa a cikin suna. Baƙi irin Ƙ ko Ɗ yana barinsa yadda yake. Kayan aikin kuwa yana mayar da Ƙ ta zama ƙ. Babu irin wannan suna a rumbun a lokacin, amma ya isa ya nuna cewa kwaikwayon dokar rumbun a waje da shi ba abin dogaro ba ne. Wannan gyaran ma bai kai rumbun aiki ba.

## Mako na huɗu: abin da ya yi aiki

Aka koma ga tambayar da ba a taɓa amsawa ba: sunan da ke cikin fayil ɗin tsari, guntun SQL ne da za a fassara, ko ainihin suna ne yadda yake a rajistar rumbun? Aka yanke cewa ainihin suna ne. Daga nan kayan aikin ya daina ɗaukar sunan nau'i a matsayin rubutu guda. Ya raba shi gida uku: sikima, suna tsirara, da alamar ko jeri ne. Nau'ukan asali aka ware musu hanyarsu, ba a taɓa su.

Bincike yanzu yana gwada `nspname` (sunan sikima) da `typname` (sunan nau'i) kai tsaye, baƙi da baƙi, ya dawo da OID, kuma duk wani gwadawa na gaba da OID ake yi. Alamar zance a wuri ɗaya kawai ake saka ta, a daidai lokacin haɗa umarni, kuma rumbun ne ke sakawa ta hanyar `format('%I.%I', ...)`, wanda ya san lokacin da suna ke buƙatarta, har da sunayen da suka yi karo da kalmomin SQL irin `order` da `user`. Inda dole a karɓi suna a siffar SQL daga hannun mutum, `parse_ident`, wanda ya zo a siga ta 9.6, shi ke warware shi sau ɗaya a bakin ƙofa. An kuma ƙara sharaɗi: kafin ƙirƙirar nau'i, idan akwai wani a sikimar da sunansa ya bambanta da girman baƙi kawai, kayan aikin ya tsaya ya faɗa.

Sai share ɓarnar da aka riga aka yi. Aka zaɓi mayar da teburin tarihi kan tsohon nau'in, domin shi ne ƙarami, kuma sauya nau'in ginshiƙi yana sake rubuta tebur gaba ɗaya yana kulle shi, ba karatu ba rubutu, har ya gama. A kwafi an yi tuntuɓe biyu: ƙimar da ginshiƙin ke ɗauka idan ba a ba shi komai ba ta ƙi sauyawa da kanta, sannan wani VIEW (tambayar da aka ajiye ake karanta ta kamar tebur) da ke karanta ginshiƙin ya hana a taɓa shi. Aka cire su, aka gudanar da sauyin da `USING matsayi::text::"MatsayinOda"`, aka mayar da su, duk a cikin ma'amala guda, wato ko duka su wuce ko duka su soku. A rumbun aiki an yi shi ne da dare lokacin da oda ta yi ƙaranci. Bayan nan `DROP TYPE matsayinoda` ya wuce, aka kuma cire `::text` daga rahoton.

Abu ɗaya ya rage a karkace. A fayil ɗin tsari `an_mayar` tana gaban `an_soke`, amma umarnin gaggawa na rana ta biyu bai ce `BEFORE` ba, don haka ta zauna a ƙarshe. Nau'in ENUM da jerinsa ake jera shi, kuma babu umarnin cire ƙima ko matsar da ita. Aka gyara fayil ɗin ya bi rumbun.

An kuma tattauna sauya wa tsohon nau'in suna zuwa `matsayin_oda` a huta. Umarnin `ALTER TYPE ... RENAME TO` ba ya taɓa layukan tebur, rajista kawai yake gyarawa, don haka ba shi da tsada. Da aka gwada a kwafi, wasu tsofaffin ayyuka na PL/pgSQL, harshen rubuta ayyuka a cikin rumbun, suka faɗi lokacin da aka kira su, domin jikinsu rubutu ne da aka ajiye, sauyin suna ba ya shiga ciki. Aka bar sunan yadda yake, aka sa doka cewa sababbin nau'uka da ƙananan baƙaƙe da karan ƙasa za a raɗa musu suna.

## Bayan wata biyu, da abin da lamarin ya nuna

An ƙara ƙimomi a kan tsofaffin nau'uka biyu masu gauraye baƙaƙe bayan gyaran, duka sun sauka inda ya kamata. Rumbun gwaji yanzu daga `pg_dump --schema-only` na rumbun aiki, wato kwafin tsarinsa ba tare da bayanai ba, ake gina shi, sannan a ɗora sauyin a kai. An ajiye jerin sunaye masu wuyar sha'ani da kayan aikin ke bi ta kansu a kowane gwaji: mai gauraye baƙaƙe, mai ɗigo a ciki, mai fili, mai alamar zance a tsakiya, mai Ƙ, da wanda ya wuce bayit 63, iyakar da PostgreSQL ke datse suna a kanta da 'yar sanarwa kawai. Na ƙarshen ya kama wani kuskure daban, domin `parse_ident` ba ya datsewa, rumbun kuwa yana yi.

A ganina PostgreSQL bai saɓa wa kansa ko sau ɗaya ba a duk wannan lamari. Kowane ɓangarensa ya yi abin da aka rubuta zai yi. Rashin daidaiton yana cikin kayan aikin ne, wanda ya riƙa wucewa da rubutu guda ta hannaye uku ba tare da ya san ko an riga an shirya shi don umarni ko tsirara yake ba. Gyare-gyaren mako na biyu da na uku sun faɗi saboda dalili ɗaya: duka sun yi ƙoƙarin gane siffar suna daga kallonsa, alhali `"MatsayinOda"` na iya zama suna a cikin alamar zance, yana kuma iya zama suna mai alamar zance a jikinsa.

Ban ga laifin injiniyan ranar farko ba, domin duk kayan binciken da ya ɗauka sun bi dokar da ta haifar da matsalar. Inda nake ganin an yi sakaci shi ne rumbun gwaji da ba shi da tarihin rumbun aiki. Da daga kwafin tsarin aiki ake gwaji, da kuskuren 22P02 ya fito tun kafin sauyin ya bar hannun masu shi. Barin tsohon sunan kuwa shawara ce da za a iya muhawara a kanta. Ta kauce wa taɓa tsofaffin ayyukan, amma duk wanda zai buɗe psql ya rubuta umarni da hannu a kan wannan nau'i sai ya tuna da alamar zance. Bambancin kawai shi ne, yanzu idan ya manta, kuskure 42704 zai samu nan take, tunda babu wani `matsayinoda` da zai amsa masa.